Rabin Littafin Gidan Malam Mudi

Ranar da aka kawo ku ɗakin nan koyon aiki, ɗayanku ya ja durowar akwatin kati, ya leƙa, ya ce da ɗan'uwansa, "Wai shi ke nan aikin? Ka kwafi sunan littafi ka sa a kati?" Na ji shi sarai. Tsufa ya taɓa mini gwiwa, bai taɓa kunne ba tukuna. To yau tunda an ɗauke wuta, kwamfutocinku sun yi shiru, ku jawo kujeru in gaya muku abin da ke cikin kwafar sunan littafi. Ni ne Malam Isyaku, mai katalog, wato mai yi wa littattafai kati, na wannan laburare tun iyayen wasunku suna firamare. Labarin da zan ba ku kuma akwai ƙyashi a cikinsa, ba zan ɓoye muku ba.

Aikin farko da aka ɗora mini wata tsohuwar gafaka ce, jakar fatar nan da malamai ke zuba littafi a ciki. Marigayi Malam Ɗantani, wanda ya koya mana sana'ar, shi ya ajiye ta a gabana ya ce in yi mata kati kafin azahar. Na zaro littafin na fara neman shafin da aka rubuta suna. Babu shi. Littafin hannu irin na malamanmu ba shi da bango mai suna, ba ɗinki, ba lambar shafi. Takardu ne a sake tsakanin kwali biyu, an ɗaure da igiyar fata. Na juya gaba, na juya baya, gumi ya karyo mini. Ina cikin haka iska ta shigo ta taga ta kwashe wasu ta watsar a ƙasa. Na tsince su, na jera yadda na ga dama, na mayar kamar ba a yi ba. Malam Ɗantani ya dawo daga masallaci, ya ɗaga takarda ɗaya, ya dubi ta ƙarƙashinta, ya ce, "Isyaku, a littafinka mutum yana cikin alwala ake raba gadonsa?"

A ranar ya nuna mini abin da ya riƙe ni har yau. A bayan kowace takarda, can ƙasa a kusurwa, mai rubutu yakan ajiye kalma ɗaya ita kaɗai. Ita ce kalmar da za ta buɗe takarda ta gaba. Mu a ɗakin nan ƙugiya muke ce mata, don ita ke saƙale takarda da 'yar'uwarta. Komai watsewar littafi, in ka bi ƙugiya za ka mayar da shi daidai. Daga nan ya koya mana sauran. Ka rubuta layin farko bayan bisimilla da salati, don da shi ake gane littafin da ba shi da suna. Ka rubuta layin ƙarshe, inda mai kwafa yakan faɗi sunansa ya roƙi gafara. Ka ɗaga takarda a hasken rana ka ga tambarin da ke cikinta, ko mai jinjirin wata uku ce. Ka dubi hannun, na Kano ne ko na Barno. In kuwa littafin ya yanke a tsakiya, to ka rubuta ƙugiyar ƙarshe a katin, ko da wata rana. Duk wannan a kan kati da bai wuce tafin hannu ba.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Rula, fensir, burushi mai laushi na kakkaɓe kashin gara, da madubin ƙara girman rubutu wanda hannunsa ya karye muka ɗaure da zare. Tafireta ɗaya ce, ga ta can a lulluɓe. Ba ta san Larabci ba, kuma ko Hausar ma rabi ta sani. Sai ka buga, sannan ka bi da alƙalami kana yi wa haruffa lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya. In ka yi kuskure ba goge-goge, sabon kati za ka ɗauka, Malam Ɗantani yana kallonka ta saman tabarau.

Mu biyu aka ɗauka aiki a lokaci guda, ni da Habibu, ɗan Ƙofar Ruwa. Na fi shi kyan hannu, wannan ko shi ba ya musu. Na fi shi haƙurin zama. Shi kuma Allah ya ba shi baki. In baƙo ya shigo, ina can durƙushe a kan kundi, shi zai tare shi da fara'a, ya ja durowa ya nuna masa katin da na rubuta. Bai taɓa cewa shi ya yi ba, a yi masa adalci. Amma ba wanda ke tambaya, kuma shi ake gani.

Akwai wata tsohuwa mai sayar da daddawa da ta taɓa zuwa neman waƙar da mahaifinta ke rerawa in zai fita gona. Ba ta san sunan waƙar ba, ba ta san wanda ya yi ta ba, baiti ɗaya kawai ta riƙe, shi ma daga tsakiya. Irin masu zuwa mana ke nan, ba wanda ke zuwa da sunan littafi a hannu. Na yi kwana da kwanaki ina bin kundayen waƙoƙin ajami baiti baiti, har idona ya fara ruwa, kafin na same ta. Da ta dawo, na miƙa wa Habibu takardar don ina wanke hannu, shi kuwa ya buɗe murya ya rera mata. Tsohuwa ta zauna a ƙasa ta yi ta kuka. Washegari sai ga ta da ƙullin daddawa a ganye. Habibu ta kawo wa. Ya raba biyu ya ba ni rabi, na karɓa, amma ban ji daɗin miyar ba.

Sai muguwar shekara ta zo, shekarar da ruwa ya yi ta rushe gidajen ƙasa a cikin birni. Rufin ɗakin nan ya buɗe daidai saman akwatin kati. Mun zo da safe muka tarar durowoyi sun kumbura sun ƙi buɗuwa, sai da aka kira kafinta. Katunan tafireta sun tsira da tabo, amma waɗanda muka rubuta da alƙalami, na Larabci da ajami, tawada ta narke ta zama shuɗin banza. Muka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida muna shanya su, muna korar awakin maƙwabta. Aikin shekaru ya tafi. Dole a sake ɗauko kowane littafi a sake masa kati daga farko. A tsakiyar wannan wahala takarda ta zo cewa a tura mutum ɗaya kwas a jami'a. Malam Ɗantani ya kira ni gefe ya ce, "Isyaku, in na tura ka, wa zai gyara mini katunan nan? Hannunka nake bukata." Aka tura Habibu. Wato kyan hannuna ne ya zaunar da ni. Shi ya tafi, daga kwas sai digiri, daga digiri sai wani digirin, ni ina nan ina goge funfuna.

Amma ni ma Allah ya ba ni nawa, wanda Habibu bai samu ba. Ya ba ni gidan Malam Mudi.

Ku sani, littattafan hannu na garin nan mafi yawansu ba a laburare suke ba, suna gidajen malamai, cikin tukwane da akwatunan ƙarfe. Aikinmu har da bin gidajen nan mu roƙa a bar mu mu rubuta abin da ke ciki, littafi ya zauna a gidansa, kati ya zo nan. Ba kowane gida ke yarda ba, don an sha zuwa musu da daɗin baki a ari littafi a tafi ke nan. Gidan Malam Mudi a Ƙofar Na'isa ya fi kowanne tsauri. Fulani ne da kakanninsu suka ajiye sanda suka zauna a birni suka kama karatu. Turawa sun zo, 'yan jami'a sun zo, duk a zaure aka ba su ruwa aka sallame su. Ni ban roƙi komai ba da farko. Gaisuwa nake zuwa. In an yi musu rasuwa ina wurin, in suna ne ina wurin, in Malam yana ba da karatu in zauna a baya in saurara. Na fi shekara biyu a haka. Ran nan bayan la'asar, da ɗalibai suka watse, ya ce, "Malam Isyaku, cire takalminka ka biyo ni." Ya kai ni wani ɗan ɗaki a bayan zaure. Tun daga ranar, in ka cire 'yan gidan, ba wanda ke shiga ɗakin nan sai ni.

A can na haɗu da littafin. Kakan Malam Mudi ne ya wallafa shi da kansa, ba kwafa ya yi ba, a kan zakkar dabbobi da hukuncin kiwo da rigimar makiyayi da manomi. Larabci ne, da sharhi a gefe cikin Fillanci da Hausa, an sa jar tawada a kan babi. Ban taɓa ganin irinsa ba. Ina karantawa ina jin daɗi, sai na zo inda yake cewa idan shanu suka shiga gona da rana, makiyayi yana tare da su, gonar kuma ba shinge, to... Shi ke nan. Takarda ta ƙare. Ga ƙugiya a ƙasa tana jiran 'yar'uwarta, babu ta.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ina sauran?"

Ya ce, "Gado ya ci shi. Da kakanmu ya rasu, mahaifina da ƙaninsa kowa ya ce shi zai ɗauki wannan littafin. Dattijon da ya zo raba gado ya gaji da su, ya sa hannu a tsakiya ya ɗaga, ya ba kowa rabi, kamar mai raba waina. Baffan nawa ya yi fushi ya bar garin da rabinsa. Wasu sun ce gabas ya yi, wasu sun ce arewa. Mahaifina har ya rasu yana son ya ga an haɗa shi."

Na ce masa, "In sha Allahu ni zan haɗa shi."

Ku riƙe wannan magana, don a kanta komai ya tsaya. Ban ce za a haɗa ba, ni zan haɗa na ce. Na ɗauki littafin nan kamar nawa. Hutun shekara ya zo, mutane su tafi ganin dangi, ni in hau mota in tafi Bichi, in tafi Gwarzo, in tafi Haɗeja, Zariya, Katsina, duk inda aka ce an ga wani malami Bafulatani mai tsofaffin littattafai. In zauna a zaure in yi ta gaisuwa har a gaji a buɗe mini akwati. Ƙugiyar tana kaina, ba na bukatar duba kati. In na dawo in je in ba Malam Mudi labari, ya sa a kawo mana fura, mu yi ta hasashen yadda kakansa ya ƙarasa maganar. Ni na kafe cewa makiyayi marubucin zai ɗora wa biya. Haka muka tsufa tare, ni da shi da rabin littafi. Kuma in gaya muku gaskiya, duk garin nan ba inda nake jin ni wani ne kamar ɗakin nan na bayan zaure.

Ana nan sai ga Habibu ya dawo mana, yanzu Dakta Habibu, da furfura mai tsabta da mota da direba. An naɗa shi jagoran wani kwamiti na laburarori masu kiran a buɗe katalog. Abin da suke so shi ne kowane laburare, babba da ƙarami, ya ɗauki bayanan littattafansa ya zuba a rumbu ɗaya a intanet, kowa ya duba kyauta, kowa ya kwafa, kowa ya gyara in ya ga kuskure, ba neman izini. Ba littafin za a sa ba, bayaninsa kawai, wato katin. Ya zo ya yi wa shugabarmu ta lokacin, Hajiya Asabe, bayani a ɗakin nan, muna zaune. Bakin nan nasa na da yana nan, har ya ƙaru.

Ya ce, "Hajiya, littafi ɗaya sai a yi masa rekod, wato kati, sau goma a gari goma, kowa yana wahala shi kaɗai. In mun haɗa, wanda ya riga ya yi, ya yi wa kowa. Ɗalibi a Maiduguri ya san abin da ke laburaren nan namu na Ƙofar Ɗan Agundi ba sai ya hau mota ba."

Na ce, "Shi wanda ya riga ya yi ɗin, wa zai san shi ya yi?"

Ya yi dariya ya ce, "Haba Isyaku, sarkin kati! Ai sunan laburare yana jiki."

"Laburare ne ya shanya su a tabarma? Laburare ne ya yi zaman zaure?"

"To ka ga shi ya sa nake so a sa su. Ka tuna ruwan nan? Da a lokacin akwai kwafi a wani wuri, da ba ka sha waccan wahalar ba."

Na ji kamar ya watsa mini ruwan zafi. Shi da ya tsallake ya bar ni da wahalar, shi ne yau zai yi mini wa'azi da ita. Abin haushin kuma, gaskiya ya faɗa. Ba abin da ya fi ciwo irin wanda kake ƙyashi ya zama shi ne mai gaskiya. Hajiya Asabe ta amince nan take. Na ga ba ni da ta cewa a kan katunan littattafanmu, sai na ja daga a kan na gidajen malamai. Na ce waɗannan amana ce, ba a sa su ba sai da yardar masu su. Habibu ya ce, "Wallahi ka yi daidai, haka ya kamata. Kai za ka tambayo su, kai suka sani." Ko gardamar da nake nema bai ba ni ba.

Na tafi Ƙofar Na'isa hankalina kwance. Mutumin da ya sallami Turawa a zaure, shi zai yarda a baza bayanin littafin kakansa a duniya? Lokacin idonsa ya yi rauni, yana zaune a kan buzu yana jan carbi. Na yi masa bayani, kuma ban rage wa abin muni ba. Na ce kowa zai gani, na kirki da na banza. Na ce za a dame shi da sallama. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "Kowa da kowa zai gani?"

"Kowa, Allah gafarta Malam. Har wanda ba a sani ba."

"Har mutanen gabas?"

"Har su."

"To a sa." Ya ƙara da cewa, "Malam Isyaku, ka yi ƙoƙari, Allah ya sani. Amma ƙafarka biyu ce, idonka biyu. Ni kuma ka ga inda rana ta kai. Bari mu ari idon jama'a."

Na ce to. Me zan ce? Na fito na taka da ƙafa har Ɗan Agundi ban san na iso ba. Bai zage ni ba, bai kore ni ba, amma ya gaya mini a fakaice cewa jirana ya ishe shi.

Shigar da katunan cikin kwamfuta ni na yi na gidan Malam Mudi da hannuna, da yatsa biyu, don ban yarda wani ya taɓa su ba. Da na zo kan littafin, na rubuta komai yadda aka koya mini: layin farko, irin takarda, irin hannu, jar tawada, inda ya yanke, da ƙugiyar ƙarshe. Shaiɗan ya raɗa mini in bar ƙugiyar, wa zai sani? Amma hannun da Malam Ɗantani ya horar ba ya iya barin gurbi. Na sa ta, na danna, ta tafi.

Ba a rufa shekara ba waya ta shigo. Habibu ne, cike da murna.

"Isyaku! Kana zaune? An samu! An samu rabin littafin Malam Mudi!"

Na ce, "A ina?"

"Yola. Wata yarinya ce, Bilkisu, sabuwar ma'aikaciya a wani laburare can. Suna da wani kundi mara kai da wani gida ya ba su waƙafi tuntuni, ba wanda ya san mene ne. Tana shigar da shi ta buga kalmar farko a rumbun, sai rekod ɗinka ya fito. Hannu ɗaya, takarda ɗaya, jar tawada ɗaya. Katinka ne ya yi aikin, wallahi, kai na fara kira."

Na ce alhamdu lillahi, don dole Musulmi ya ce haka. Na ajiye wayar na zauna ina kallon bango. Yola. Ban taɓa zuwa Yola ba, kullum ina cewa sai baɗi. Abin da na yi rabin rayuwata ina nema a mota da a ƙafa, yarinyar da ba ta san warin gafaka ba ta same shi tana zaune a kujera, tsakanin karin kumallo da azahar. Na yi murna saboda Malam Mudi, wannan gaskiya ne. Amma ƙyashin ya fi murnar yawa, wannan ma gaskiya ne.

Ranar da ta zo Kano da hotunan rabin nasu an buga a takarda, Habibu ya ce zai biyo ya ɗauke ni mu je gidan Malam Mudi. Na ce ina da uzuri, zan same su. Ba ni da uzurin komai, ban so in shiga gidan a bayansa ne. Da na isa, takalma sun cika ƙofar zaure har waje. 'Ya'ya, jikoki, ɗalibai, maƙwabta. Ɗakin bayan zaure a buɗe yake, labule a ɗage, yara suna shiga suna fita. Bilkisu tana zaune a gefen buzun Malam, inda nake zama. Yarinya ce mai natsuwa, ba ta kai 'yata ta biyu ba. Tana ganina ta miƙe ta durƙusa ta ce, "Baba, ina wuni? Ku ne Malam Isyaku? Wallahi rekod ɗinku ko a makaranta ba a nuna mana irinsa ba." Na so a ce mara kunya ce, da na samu abin riƙewa.

Ina amsa mata, Malam Mudi ya ji muryata ya ce, "Malam Isyaku, ka makara, har mun karanta. Bilkisu, maimaita masa wurin."

Ta ɗauki takardar ƙarshe ta rabinmu, ta karanta zancen shanu da gona mara shinge, ta zo kan ƙugiya, ta ɗauki hoton farko na nasu ta wuce kamar ba a taɓa yankewa ba. Ashe marubucin bai ɗora wa makiyayi biya ba. Cewa ya yi a kira dattawan wurin a tambayi al'adar garin a kan shinge tukuna, sannan a yi hukunci. Malam ya yi dariya har da tari ya ce, "Ka ga, duk shekarun nan ka zalunci makiyayi." Jama'a suka yi dariya, ni ma na buɗe haƙora. Shi kuwa hawaye ne ke bin gemunsa, yana shafa takardar da hannu yana kiran sunan mahaifinsa.

Da aka yi addu'a aka shafa, ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce, "Ina da magana. 'Ya'yana ga su nan, 'yan kasuwa ne da ma'aikata, Allah ya yi musu albarka. In na mutu, wani zai sake sa hannu a tsakiyar wannan rabin ya raba. Ba na so. Littafin nan zai bi yarinyar nan ya koma wurin ɗan'uwansa."

Na ce, "Allah gafarta Malam, ai sai a kawo nasu nan. Ga laburarenmu, taku kaɗan ne. Ni zan kula da shi."

Bilkisu ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, namu waƙafi ne, an yi sharaɗi ba ya fita daga ɗakin."

Malam ya ce, "Ka ji. Nasu a ɗaure yake, nawa ne mai ƙafa." Ya lalubo littafin ya miƙo wajen da yake jin muryata. "Kai ka san ɗaurinsa. Ɗaure mata shi da kyau, hanya da nisa."

Na karɓa. Na bi takardun ɗaya bayan ɗaya na tabbatar kowace tana wurinta, ko da yake na san suna wurinsu. Na daidaita gefe, na sa kwali, na ja igiya ba tsauri ba sako-sako, na zura a gafaka. Na miƙa mata da hannu biyu. Ta karɓa da hannu biyu ta ce, "Na gode, Baba. In na koma zan gyara rekod ɗin, in sa cikakke ne."

Ta gyara kuwa. In wuta ta dawo ku duba, yana nan, cikakke, yana Yola, kowa na iya gani. An ce har wani ɗalibi yana rubuta digirinsa a kai. Tsarin Habibu ya yi aiki, ba zan ce bai yi ba, kuma ku ma shi za ku yi, ku yi shi da kyau, kada ku bar gurbi. Amma kada wanda ya ce muku ba ya cin kowa komai.

Bayan sati guda na shirya bayan la'asar na tafi Ƙofar Na'isa kamar kullum. Na yi sallama. Wani jikan Malam, magidanci, wanda aka yi sunansa ina wurin, ya fito yana gyara hula. Muka gaisa. Ya ce Malam ya ɗan kwanta, tun da littafin ya tafi barci yake yi mai daɗi. Sannan ya dube ni da ladabi, ya ce, "Baba, ko akwai wani abu ne?"

Na tsaya a ƙofar zauren, takalmi ɗaya a cire, ina neman abin da zan ce ya kawo ni. Na ce, "Babu komai. A gaishe shi." Na mayar da takalmina.